Filin wakafin masallacinmu za a mayar gidajen haya masu sauƙi, ni aka ɗora wa sa ido. Ta ina zan fara?

Sakataren_Kwamiti:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci. Jama'armu na da fili a bayan masallaci, wani bawan Allah ne ya bar shi wakafi tun zamanin iyayenmu, akwai tsohon ginin makaranta a ciki da ɗakunan da limamai suka taɓa zama, yanzu rufin ya zube gefe guda, bango ya tsage har kana iya zura hannu, ba abin da ake ajiyewa a wurin sai tsofaffin tabarmi da karyayyun bencina. To a zaman da aka yi dattawa suka amince a rushe a gina gidajen haya masu sauƙin kuɗi saboda zawarawa masu marayu, da malaman da albashinsu bai taka kara ya karya ba, da samarin da suka yi aure suka rasa inda za su sa iyali. Ni aka ce in riƙe aikin daga farko har ƙarshe, ni kuma malamin makaranta ne, harkar gini ba fannina ba ce.

Kuɗin da ke asusu ko linta ba zai kai mu ba. Wani kamfani ya zo ya ce zai gina da kuɗinsa ya ɗauki rabin gidajen ya bar mana rabi, amma sai an sa sunansa a takardar filin don ya karɓi bashi a banki. Wasu a kwamiti har sun fara murna, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me zan fara dubawa, me kuma zan ƙi sa wa hannu ko da za a ji haushina?

Injiniya_Tsoho:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sa hannu, wallahi kar ka sa. Ranar da sunan kamfani ya hau takardar nan ya kai ta banki jingina, in aikin ya tsaya a hanya, kuma gini yana tsayawa fiye da yadda mutane ke zato, banki ba ruwansa da wanda ya yi wakafi, fili zai ɗauka. Abin da ake yi shi ne hayar ƙasa ta dogon zango: fili na nan da sunan jama'a, kamfani ya yi hayarsa na adadin shekarun da aka rubuta, ya gina ya ci ribarsa, wa'adi na cika ginin ya dawo hannunku. In banki na son jingina to haƙƙin hayar za a jinginar, ƙasar kam a'a.

Sannan ku ɗauki lauyanku na kanku, kar ku yarda da "ai lauyanmu zai rubuta mana duka". Haka injiniyan da zai duba aiki, ku za ku biya shi, ku zai kawo wa rahoto, don wanda ɗan kwangila ke biya ba zai taɓa cewa a fasa a sake ba. Na taɓa zuwa duba wani aiki da safe motar kankare na tsaye ana jira a zuba dekin, na hau na sa tef a tsakanin rodi na ga tazarar ta fi ta zane nesa ba kusa ba, kaurin rodin ma ba shi ne aka rubuta ba. Da na makara awa ɗaya kankare ya rufe komai, ba mai sake gani sai ranar da silin ya fara tsagewa a kan 'ya'yan mutane. Don haka ka sa a yarjejeniya cewa ba a zuba kankare sai injiniyanku ya sa hannu. Biya kuma mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, filasta, kowanne sai an duba, kuma a riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har sai ruwan sama ya sauka a kan rufin an ga ba ya yoyo.

Kafin rusau a gwada ƙasar wurin, a kuma duba ko tsohon rufin na asbesto ne, in shi ne kar a bari yara ko 'yan sa kai su farfasa shi, ƙurarsa na jawo cutar huhu da ciwon daji.

Ɗalibin_Ilimi:

Malam kafin maganar siminti, ina takardar wakafin? Ka nemo ta, in ba a rubuta ba ka nemi dattawan da suka shaida. Asalin babin nan ai hadisin Sayyidina Umar ne da ya samu ƙasa a Khaibara, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, sai ya shar'anta ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta. Kuma malaman fiƙihu suna ɗaukar sharaɗin mai wakafi da matuƙar nauyi, in ya ce don karatu ne ba a juya shi zuwa wani abu haka kawai don kwamiti ya ga dama. Akwai maganar musanya wakafin da ya daina amfani, Hanafawa da Hambalawa sun fi sassauci, Malikawa sun fi tsanani musamman a kan ƙasa da gini, to wannan hukunci ne na malamai da alƙali, ku kai musu.

Shawarar Injiniya tana da asali. A zamanin Daular Usmaniyya da gobara ta riƙa cinye gine-ginen wakafi a Istambul an yi tsarin haya biyu, mai haya ya ba da kuɗi mai yawa a farko a sake ginin, sannan ya riƙa biyan ɗan kaɗan duk shekara. Ya ceto wurare amma ya kuma sa wasu wakafan suka zama kamar mallakin masu hayar saboda tsawon zama da gado. To wa'adin ya zama a rubuce, kar ya yi tsawon da jikokinku za su manta filin na waye.

Maman_Biyu:

Sannu ɗan uwa, ni Kirista ce amma damuwar ɗaya ce, na riƙe ma'ajin kwamiti lokacin da cocinmu ta mayar da tsohon gidan baƙi ɗakunan haya. Ginin bai ba mu wuya kamar abin da ya biyo baya ba. Kuskurenmu mu da kanmu muke karɓar haya. Ka yi tunani, matar da kuka zauna benci ɗaya jiya kuka yi addu'a tare, ka san mijinta ya rasu ka san yaranta da sunayensu, yau kai ne za ka ƙwanƙwasa mata ƙofa da littafin rasit a hannu wata na huɗu ba ta biya ba. Na tsaya a ƙofar nan na kasa, na juya. Wanda ya ga an ƙyale ta shi ma ya daina, cikin shekara biyu famfo ya lalace babu kuɗin gyara, masai ya cika muna neman gudummawa ranar Lahadi. Sai da muka ba wani mai kula da gidaje daga waje karɓar haya, muka buɗe asusun taimako daban wanda yake biya wa wanda ya gaza da gaske, sannan gidan ya miƙe. Hayar tana shiga cikakkiya, tausayin yana fita ta wata ƙofar.

Kuma ku rubuta wa ya cancanta tun ba a sa bulo ɗaya ba, in kun bari sai an gama fenti kowane dattijo yana da ɗan ƙane. Ku rubuta cewa ɗan kwamiti da iyalinsa ba sa shiga, in masu nema sun fi ɗakuna a yi ƙuri'a a gaban kowa. "Mai sauƙi" ma ku fassara shi da lamba, a Amurka ma'aunin da hukumar gidaje ke amfani da shi shi ne kar kuɗin muhalli ya wuce 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. A Kalifoniya dokar da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta sauƙaƙa wa wuraren ibada gina irin waɗannan gidaje a filayensu, ta ɗaure na haya su zauna masu sauƙi shekara 55, don sun san in ba a ɗaure ba haya hawa take yi a hankali har talakan ya fita.

Sai maganar gyara. A birnin Ogsbag na Jamus akwai unguwar Fuggerei da aka kafa a 1521 don mabuƙata, har yau mutane na ciki, hayar shekara ba ta kai yuro ɗaya ba. Ba hayar ce ta riƙe ta shekara 500 ba, gidauniyar na da dazuzzuka da take samun kuɗi da su. Ku ma ku nemi abin da zai ciyar da ginin, ko shaguna ne a ƙasa ta bakin titi da za a ba da haya a farashin kasuwa.

Sakataren_Kwamiti:

Allah ya saka muku da alheri, Mama na gode ƙwarai, maganar ƙofar nan ta taɓa ni don na san wa zan kasa ƙwanƙwasa wa. Na je wurin jikan marigayin ya fito min da takardar daga cikin wata tsohuwar adaka, da ajami aka rubuta, kuma ta ce filin don karatun yara ne da mazaunin mai karantar da su. Kenan rabin nan da kamfani ke so ba namu ba ne ma balle mu bayar. Zan kai wa malamai su duba ko za a iya barin azuzuwa a ƙasa, gidaje a sama, hayar ta riƙa biyan malaman.

Injiniya_Tsoho:

Madalla Malam. In malamai sun amince ka gaya wa mai zane tun yanzu, don aji na son faɗi babu ginshiƙi a tsakiya, ɗakunan sama kuma bangaye ne da yawa, nauyin sai an lissafa shi daga harsashi. Matakalar 'yan haya ta fita ta waje daban da ƙofar yara, mitar wuta da ta ruwa kowa da tasa. Takardar nan kuma ka ɗauki hotonta yau, a yi kwafi a kai wa lauya, asalin a ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba.