Neman shawara: Kitse a hanta, an ce in riƙa shan bitamin E

Assalamu alaikum Admin, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 41, haihuwa biyar, nauyina kilo 94, kuma yawanci a tumbi ya taru. Watan jiya na je asibiti saboda wani nauyi da nake ji a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Da aka yi sikanin da awon jini, likita ya ce kitse ya fara taruwa a hantata, suga yana bakin iyaka, kwalastarol ma ya hau. Bai rubuta min ko ƙwaya ɗaya ba, cewa ya yi in rage ƙiba in dawo bayan wata uku.

Facalata ta ce masu jiki irina bitamin E ne ke musu ƙaranci. Ta kawo min roba guda, 'yan ƙwayoyin nan masu laushi kamar ɗigon zuma, an rubuta 400 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin). Sati uku ke nan ina shan biyu kullum, har maigida ya fara sa hannu. In ci gaba ko in tsaya?

Wata 'yar uwa: Ki sha abinki Hajiya. Ni har fasawa nake ina zubawa a man shafawa, fatata sumul.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, facalarki ta kama gefen gaskiya amma ta saki tsakiyarta. Bitamin E a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa mafi yawan wanda ke jikin mutum a cikin kitse yake ajiye. Idan kitse ya yi yawa, musamman a hanta, sai ya riƙe shi kamar kuɗin da aka kulle a asusu, bai isa inda ake buƙatarsa yadda ya kamata ba. Wani bincike a Amurka a 2015 ya nuna masu tumbi da hawan suga da kitsen jini ba sa tsotsar bitamin ɗin daga abinci kamar masu lafiya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a jini kwalastarol ne ke ɗauke da shi. Wanda kwalastarol ɗinsa ya hau sai awo ya nuna bitamin E lafiya lau, alhali gaɓoɓi ba su ƙoshi ba.

Amma ƙwayar ba ta narkar da tumbi ko kaɗan. Kuma ki duba lissafi: babban mutum miligiram 15 yake buƙata a rana, ƙwaya ɗaya ta 400 IU kuwa miligiram 180 ce ko 268, gwargwadon irinta. Ke biyu kike sha.

Wani ɗan uwa: To malam, ni na ji ana ba masu ciwon hanta ita.

Mai harhaɗa magunguna: Ana bayarwa, amma ba kowa ba. Gwajin da aka wallafa a 2010 an ba da 800 IU kullum har sati 96, ga mutanen da aka ɗebi tsokar hantarsu aka tabbatar ta kumbura, kuma ba su da ciwon suga. Kashi 43 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka ba ƙwayar bogi kashi 19. Sikanin kawai ba ya nuna kumburin nan. Wannan hukuncin likita ne, ba na facala ba, Allah ya ba ta haƙuri. Maigida kuwa ya ajiye yau: a 2011 an gano mazan da suka daɗe suna shan 400 IU haɗarin kansar furostet (wata gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara) ya ƙaru musu da kashi 17.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, kina shan asfirin ko warfarin, maganin tsinka jini? Yawan bitamin E na hana jini daskarewa da wuri. In kin ga jini a buroshi, ko al'ada ta ƙaru, kada ki jira wata ukun.

Wata dattijuwa: 'Yata, abin da kike saye a roba yana kicin ɗinki: gyaɗa, man gyaɗa, manja, alayyahu, fiya. Babban cokalin man gyaɗa yana da kusan miligiram 2. Sai dai mai mai ne, kada ki ce na ce ki yi wanka da shi. Ni lemon kwalba da shayi mai kauri na bari, na rage malmalar tuwo, ina zaga unguwa bayan asuba. Likitana ya ce rage kashi 7 zuwa 10 na nauyi shi ke sauke kitsen hanta, a wajenki kilo 7 zuwa 9 ke nan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Ba na shan warfarin, amma gaskiya ina shan asfirin ɗin Mama idan kaina ya sara. Na ɗauke robar daga kan firij.

Ma'aikaciyar jinya: Asfirin ɗin ma ki bar wa Mama kayanta. Ki tafi da robar asibiti ranar Litinin, likita ya karanta jikinta da idonsa.