Bulala ce ke horar da doki, ko amana?

Maganar ta taso ne a zauren masu dawaki na Tahoua, bayan Sani ya ce zai hori duƙushinsa ba bulala, ba kaimi.

Baba Illa: Sani ɗana, na ji niyyarka. Dokin da bai ɗanɗani bulala ba bai san mai shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka muka gada, kuma dawakin Adar ba su taɓa ba mu kunya a hawan salla ba.

Sani: Ranka shi daɗe Baba, ba raina gado nake ba. Amma doki dabba ce da namun daji ke farauta, duk halittarsa ta gudu ce. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, in ban da daidai gaban goshinsa da bayan wutsiyarsa. Yawancin harbin da ake bugunsa a kai, mutum ne ya ɓullo masa ta inda ba ya gani. Firgita ce, mu kuma mu kira ta mugunta.

Kawu Mamman: Wannan karatun intanet ne. Ranar salla ga ganga, ga algaita, ga guɗa, ga yara a gefen hanya. Ingarma ya hango goɗiya ya yi tutsu, da amana za ka tsayar da shi?

Malama Hadiza (likitar dabbobi): Kawu, tambayarka tana kan hanya. Amma bari in faɗi abin da nake gani a bakin dawaki. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili, nan linzami ke zama, kuma fata ce ƴar siririya a kan ƙashi. Linzaminmu mai zobe yana matse haɓa, yana taɓa ganɗa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaro mai fizga, harshe ke yankewa, wurin ya yi tabo, sai a ce dokin taurin baki gare shi, a nemo ƙarfe mafi tsanani. Doki ba daga zafin yake koyo ba, daga sakin yake koyo. Ka ja ragama, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya biyo, ka saki nan take: ya gane. In ka ci gaba da ja bayan ya yi abin da ka nema, me ka koya masa? Bulalar da ta zo bayan minti biyar kuwa ba zai haɗa ta da laifin ba, da kai zai haɗa ta.

Sani: Abin da Monty Roberts, mai horar da dawaki na Amurka, ke nunawa ke nan. A cikin shinge mai da'ira yake sa doki ya zagaya, in ya ga dokin ya juyo masa kunne, ya sunkuyar da kai, yana lasar baki, sai ya ba shi baya, dokin ya biyo shi da kansa. A 1989 Sarauniyar Ingila ta gayyace shi fadarta ta Windsor don ya nuna.

Malama Hadiza: Sani, a nan ban bi ka duka ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada da ƴar motar wasa da ake sarrafawa daga nesa. Ta kori doki, ta tsaya in ya juyo, dokin ya koyi zuwa wurinta. Ke nan korar ma matsi ce, biyowar kuma neman hutu ce. Kada mu kira ta soyayya. Wanda na fi yarda da shi binciken 2018 ne na jami'o'in Saseks da Fotsmot a Ingila: an nuna wa doki hoton mutum yana fushi, bayan sa'o'i mutumin ya zo da kansa, dokin ya yi ɗari-ɗari da shi.

Baba Illa: To ƴata, wannan sai an je Ingila? Tsohon ɗan barga ba ya tunkarar turke da fushi. Yana tafe yana magana, ya shafa wuya, ya ba da dusa da kanwa da hannunsa. Sirdi ma sai doki ya sansana shi kwana da kwanaki kafin ya hau bayansa.

Sani: Baba, ai wannan ita ce amanar da nake nufi.

Baba Illa: Ita ce, amma wancan ɗan bargar da bulalarsa a rataye. Ban janye ba.

Kawu Mamman: Har yanzu ba a amsa mini maganar ganga ba.

Malama Hadiza: A fara kaɗa masa daga nesa yana cin harawa. Kullum a matso kaɗan. In ya miƙe wuya yana hura hanci, a tsaya nan har ya koma ci. Kuma Sani, ka daina barinsa a turke shi kaɗai wuni guda, dabbar garke ce.

Kawu Mamman: Ni zan kawo makaɗin ranar Lahadi da la'asar. Amma ba zan yarda ka shiga taron salla da ragama kawai ba, akwai ƴaƴan mutane a hanya.

Sani: Na yarda Kawu. Linzami mara zobe zan sa masa, sai Baba ya duba mini zamansa a baki.