Ƙwallo uku sun ƙi zama a hannuna, ina gyaran yake?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyon wasan cilla ƙwallaye sama ana cafewa, irin na 'yan sakos, masu wasannin nuna gwaninta gaban 'yan kallo. Da biyu lafiya lau, amma da na ƙara na uku sai su riƙa karo, ni kuma ina ta bin su gaba har in kai bango. Ƙwallon tanis nake amfani da shi. Laifin ƙwallon ne ko na hannu? Kuma mai son ƙwarewa sosai, ta ina zai bi daga nan Kano?

Mai Ƙwallo Biyar:
Wa alaikumus salam ƙanina. Duka biyun ne. Ƙwallon tanis bai kai giram 60 ba, ga tsalle, yana taɓa tafin hannu sai ya fice. Ana son mai giram 110 zuwa 130, wanda in ya faɗo hannu zai zauna ɗam. Ka tsaga na tanis ɗin da reza kamar santimita 2, ka ɗura masa gero da mazurari har ya kai giram 120, ka liƙe da gam, sannan ka yanke wuyan balan-balan biyu ka sa masa ɗaya kan ɗaya. Ko ka sayi yadi mai kauri a Kwari, tela ya yanka gida huɗu kamar ɓawon lemo ya ɗinke, a zuba gero ba tare da an danƙara ba. Ka auna su a sikeli, nauyinsu ya zo ɗaya.

Yanzu hannu. Wannan biyun da ka ce lafiya lau, duba da kyau: na biyun cilla shi kake yi sama, ko miƙa wa ɗaya hannun kake yi ta ƙasa? Yawancin masu koyo miƙawa suke yi, kuma da wannan ba a zuwa uku. Koma kan ƙwallo ɗaya. Gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, tafin hannu daidai cibiya, ka cilla daga dama zuwa hagu ya kai saman goshi kaɗan. Idonka na kan inda yake juyowa, ba kan hannunka ba. Sai biyu: na farko yana kaiwa ƙololuwa ka saki na biyu ta ƙarƙashinsa, tsayinsu ɗaya. Cilla, cilla, cafe, cafe. Kana musanya hannun farawa.

Karo yana zuwa ne in kana cillawa daga wurin da kake cafewa. Ana cafewa ta waje, hannu ya zagayo ciki, a saki daga kusa da tsakiya. Bin su gaba kuwa, ƙwallon ne yake gangarowa ta kan yatsu ya tafi gaba. Tsaya kana fuskantar bango, tazarar kamu ɗaya da rabi, ko ka jingina gwiwoyinka da gado. Da ƙwallo uku, fara da jifa uku kacal ka bar su su zube ƙasa, ka ga inda suka sauka. In ba kusa da ƙafafunka ba ne, jifan ne bai gyaru ba. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

'Yar Tarauni:
Yaya, a kan gero ban bi ka ba. Ƙwari na shiga, da damina ya yi fumfuna, in ya sha duka kuma ya koma gari ƙwallon ya saki. In dole sai gero, a soya shi sama-sama ya huce tukuna. Yashi mai laushi da aka tankaɗe ya fi daɗewa a cikin na tanis, kuma rabin ciki ya isa. Balan-balan ma zafin Maris da Afrilu yana sa shi danƙo ya yage, gara salatif.

Ɗan Fagge, kada ka ce za ka ƙara tsayi don samun lokaci. Sai ka ninka tsayi sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu, jifan mita ɗaya ma bai cika daƙiƙa ɗaya a sama ba, ga shi kuskure na ƙaruwa da tsayi. Kuma ka kashe fanka in a ɗaki kake.

Baban Gwale:
Maganar ƙwarewa. Sakos na zamani, irin wanda Cirque du Soleil ta Kanada ta yi suna da shi tun 1984, ya fi karkata ga jikin ɗan wasa da kiɗa da labari. Makarantunsa, kamar ta Montiriyal da aka buɗe a 1981 da ta ƙasa a Faransa ta 1985, ɗalibi yana zaɓar fanni guda ya zurfafa, amma a gwajin shiga ana duba alkafura da rawa da iya tsayuwa gaban jama'a. A Afirka akwai ƙungiyar sakos ta Habasha da ta fara a Adis Ababa a 1991, da Zip Zap ta Afirka ta Kudu a 1992.

Don haka kada ka raina abin da ke gida. Ka kalli 'yan koroso yadda suke sarrafa jiki, da 'yan hoto masu wurga garma sama su cafe a kan kiɗa. A ganina wanda ya haɗa ƙwallo uku da wannan ya fi mai biyar da yake tsaye ƙiƙam.

Tsarin hawa: cafewa 100 ba faɗuwa da uku, sannan salo-salo, sannan huɗu. Huɗu ba sa tsallakawa, biyu ne a kowane hannu. Biyar kan ci watanni da yawa, wani ma fiye da shekara. Ka koyi lissafin jifa na lambobi, inda kowace lamba ke nuna irin jifa guda, irin su 441 da 531: in ka tara lambobin ka raba da yawansu, adadin ƙwallayen zai fito, duka waɗannan na uku ne.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Baba, kulaken da ake cillawa suna juyawa a sama fa?

Baban Gwale:
Sai ukun sun zauna, ɗana. Tsawon kulki kusan santimita 50, nauyi wajen giram 220, kowane jifa juyi ɗaya. Na gwaji, zura sandar mofa cikin gorar ruwa ta roba, ɗaure da ƙusa ta murfin, naɗe mariƙin da robar tayar keke. Wuƙa da wuta kuwa, ba a fara su sai da malami a tsaye.