Shekara tara ina biya, yanzu an ba ni kwana bakwai

Lawali: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara tara ina cikin gidana a unguwar Bukoki, a Yamai, ɗaki biyu, jika 30 duk wata, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Jiya bayan magariba mai gida ya aiko yaronsa: ko jika 45, ko in kwashe kayana cikin kwana bakwai. Ni na yi daɓen tsakar gida, ni na sa ƙofar ƙarfe, da rufi ya yi yoyo a damina ni na canza kwano uku. Akwai dokar haya tun 1996, ba a fitar da mutum sai alƙali ya yanke hukunci. Ƙarya na yi?

Alhaji Isuhu: "Gidana" ka ce, Malam Lawali? Tsakani da Allah, kai ka sayi filin? Kai ka biya bulo da siminti?

Rabi: Baba Alhaji, inda aka yi sunan 'ya'yansa uku, me kuke so ya kira wurin?

Alhaji Isuhu: Gidan haya, 'yata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mamman Tawa: Ai ku masu gidajen Yamai ma ku rage cewa "nawa". Da yawanku takardar sayarwa ta meri (ma'aikatar magajin gari) kawai ke hannunku, ba ku da titir, wato cikakkiyar takardar mallakar hili. Hili ɗaya a sayar wa mutum biyu, sai an zo gini a haɗu da sanduna.

Alhaji Isuhu: Nawa yana da titir. Ka je ka tambaya.

Mamman Tawa: Mu a Adar, tun dokar karkara ta 1993 ko gona ce sai a kai maganarta gaban Kofo, kwamitin kula da filaye, a rubuta, hakimi ya shaida.

Sa'adu: Wannan dokar gona da makiyaya ce, me ya haɗa ta da ɗakin haya a Bukoki? Kullum sai kun jawo Adar.

Mamman Tawa: Adarawa nawa suka gina unguwarku da kuɗin Abijan? Ƙirga.

Rabi: Yaya Sa'adu, bar shi. Kai da yayanka ɗan kamasho ne, ku ke zuga masu gida su ƙara kuɗi.

Sa'adu: Ki cire wana daga bakinki, Rabi.

Lawali: To ni fa? Saura kwana shida.

Rabi: Yaya Lawali, kana da takardar yarjejeniya?

Lawali: Da baki muka yi, gaban liman. Amma rasit na kowane wata yana cikin leda.

Alhaji Isuhu: Sunan wa ke kan rasit ɗin a matsayin mai gida?

Hajiya Zali, mai kula da zaure: Na rufe nan, tunda an fara taɓa dangi. Abin da na fahimta: Lawali bai kyauta ba da ya ce "gidana", Alhaji ya yi masa gyara irin na manya. Ni ma ina da ɗakuna huɗu a Talaje, na san kuɗin siminti da na gyara, ƙarin haya ba zalunci ba ne. Lawali, ka ɗauki liman ku je ku ba mai gida haƙuri kafin Juma'a.