Sabon oyil famfo: a ɗaura a ta da inji, ko sai an shayar da shi?

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Oganni, ku raba mani gardama. An canza mani oyil famfo, wato famfon da ke tura baƙin mai cikin inji, a wani gareji nan cikin Katsina. Da aka ta da mota, jar fitilar nan mai kamar buta ta ƙi mutuwa, inji na ƙara kamar ana kaɗa cokali cikin kwano. Sai bakaniken ya taka totur, wai don mai ya hau. Bayan sati biyu, ina dab da Kankiya inji ya buga. Da na koma sai ya ce ba ruwan aikinshi, famfo shi ke jawo mai da kanshi, ba a yi mashi komai. Haka ne?

Bakanike, Ƙofar Guga: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Amma mutumin bai yi ƙarya ba. Aikin famfo ke nan, ya ja mai. Na ɗaura ban san iyaka ba, ki ɗaya fitila ke mutuwa. Ka dai bincika irin baƙin man da aka zuba maka, na galan ne ko na awo.

Baba na Ƙofar Ƙaura: Yaro, sa'a ka yi ta ci. Buɗe famfon ka duba, haƙora ne ke juyawa cikin gida, tsakaninsu da bangon akwai 'yar kafa. Mai ne ke toshe kafar nan har famfo ya samu ƙarfin zuƙa. In a bushe yake, iska yake ta tauna. Ka taɓa ganin mai lambu ya ta da injin ban ruwa bai ɗura mashi ruwa ba?

Bakanike, Ƙofar Guga: Baba, ban ƙi ta taka ba, amma injin ban ruwa fanka gare shi, wannan kuwa giya ce. Giya na iya zuƙa ko a bushe.

Baba na Ƙofar Ƙaura: Tana iyawa, in ta ga dama. To kafin ta ga damar, karanshaf a kan mi yake juyawa? Metal, wato ɗan kwanon da karanshaf ke juyawa a cikinshi, ba ya son ya taɓa ƙarfe, kan ɗan siririn mai yake shawagi. Inji a sulo na juyi wajen 700 zuwa 800 a minti. Daƙiƙa 10 babu mai, ya zaga sama da sau 100 ƙarfe na cin ƙarfe. Balle an taka totur! Wannan takun shi ya fi ba ni haushi a labarin Alhaji. Mu a zamanin Fijo 504, basilin ogana ke sa ni in cusa tsakanin haƙoran da ɗan yatsa har ya cika, sannan a rufe. Inji na ɗaukar zafi ya narke ya bi mai.

Yaron gareji: Baba, mu giris muke sawa a wurinmu.

Baba na Ƙofar Ƙaura: Ku bari. Giris ba ya narkewa cikin mai kamar basilin, sai ya je ya tsaya a 'yar hanyar mai ya toshe.

Mai wayarin daga Daura: Ni nawa ganin, ko basilin ba dole ba ne a motocin yanzu. A Corolla da yawa, famfon a bakin karanshaf yake, shi ke juya shi kai tsaye. Ka jiƙa haƙoran da baƙin mai kafin ka ɗaura, ka zuba mai a filta. Sannan ka kwance fulogai, ka zare fiyus ɗin famfon fetur da soket ɗin koyil, ka yi ta ba ta ki. Daƙiƙa 10 zuwa 15, ka saki kik ya huce, ka sake. Babu fulogi babu matsi, metal bai ɗauki nauyi ba. Buta na mutuwa ka maida kaya.

Bakanike, Ƙofar Guga: To Malam, wannan kin da kake ba ta, ba juyi ba ne a bushe? Mun dawo gidan jiya.

Mai wayarin daga Daura: Juyin kik bai wuce 200 zuwa 300 a minti ba, kuma ba wuta a kan fistin. Wanda ya haɗa inji da hankali ai ya shafe metal da mai tun wajen haɗi.

Bakanike, Ƙofar Guga: Wannan na yarda. Amma har yanzu ban yarda famfo ne ya kashe injin Alhaji ba. Mi ya sa aka canza shi tun farko? In fitilar ta daɗe tana kamawa a sulo, to metal ya riga ya ci, famfon aka ɗora wa laifi.

Mai Corolla: Gaskiya ta kusa wata guda tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi.

Baba na Ƙofar Ƙaura: Alhaji, ai da wannan za ka fara! An sauke batam filet, kwanon mai na ƙasan inji, an duba metal kafin a sayi famfon?

Mai Corolla: Ba a duba ba, Baba.

Baba na Ƙofar Ƙaura: Kawo mani tsohon famfon da metal ɗin gobe bayan azahar, in bai sayar wa 'yan jari-bola ba.