Yaya za a koyar da 'yan sakandare aikin kotunan duniya?

Tambaya: Malamai, ta ina zan faro darasin hukunta kisan ƙare-dangi da laifukan yaƙi?

Amsa: Malama, fara raba musu kotuna biyun da ke birnin Hague na ƙasar Holland, nan ɗalibai ke rikicewa. ICJ, wato Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe take yi wa shari'a, kamar ƙarar da Gambiya ta kai Myanmar a 2019. ICC kuwa, wato Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, mutum take tuhuma, kuma ba ta taɓa laifin da aka yi kafin Yulin 2002.

Amsa: Za su tambaye ki me ya hana kai al-Bashir, tsohon shugaban Sudan, gaban ICC duk da sammacin da ta bayar a 2009. ICC ba ta da 'yan sanda, sai ƙasa ta miƙa mutum.

Amsa: Ki kawo shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, wanda wata kotun Afirka ta musamman a Dakar ta yanke wa ɗaurin rai-da-rai a 2016. Don kwaikwayon shari'ar, raba aji uku, masu ƙara, masu kariya, alƙalai. Banda hotunan gawarwaki.