Ƙusar takalmin ƙwallo ma sai an je kotu a kanta?

Sagir: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Rajistar haƙƙin ƙirƙira a kan ƙusoshin takalmin ƙwallo danniya ce kawai. Ƙusa ce fa don kada mutum ya zame, wa ya ƙirƙiro zamewa?

Malam Habu: Sagir, kifa takalminka ka duba ƙasansa. Ba ƙusar ake mallaka ba, yadda aka dasa ta ne: wata zagaye, wata mai faɗi, da yadda farantin ƙasan takalmin ke riƙe su. Idan ta kama ƙasa fiye da kima lokacin da ɗan wasa ya juya, gwiwa ce ke biyan bashin. Gano wannan daidaiton yana cin kuɗi da shekaru.

Zainab: A 2018 Nike ta kai Puma ƙara a wata kotun tarayya a Massachusetts, Amurka. Ban da fasahohinta na Flyknit (saƙar saman takalmi) da Air (matashin iska a tafin takalmi), har da tsarin haɗa ƙusoshi a cikin zargin. Daga baya sulhu suka yi.

Sagir: To kun gani, Anti Zainab! Manya biyu sun shirya a ɗaki. Ƙaramin kamfani kuwa takardar lauya ɗaya ta ishe shi ya tattara kayansa, ko da shi ke da gaskiya.

Malam Habu: Nan kam ka taɓo gaskiya, amma kuɗin shari'a ne matsalar. Haƙƙin kansa shekara 20 ne, daga nan ya zama na kowa. Ƙusa mai kwancewa da Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, ya ɗaura wa 'yan Jamus ta Yamma a birnin Bern na Switzerland cikin ruwan sama, ranar da suka ci Hungary 3-2 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1954, yau wa ya hana wani yin ta?

Sagir: Ita ce ma hujjata, Malam. Puma na cewa tun 1952 ta fito da ita a takalminta Super Atom. Rudolf Dassler mai Puma da Adi mai Adidas wa da ƙane ne, gari ɗaya, Herzogenaurach a Jamus, kowa ya cim ma abu guda. Ina ƙirƙirar take?

Zainab: Ai tambayar da alƙali ke yi kenan: sabon abu ne, ko duk gwanin sana'ar zai iya hango shi? Idan na biyun ne, soke rajistar ake yi.

Sagir: Bayan an kashe nawa?